Baƙuwa Mai Tulu Bakwai

Sawun tsohuwar bai bushe ba. Kwana ashirin da uku da wucewarta, ana tsakiyar bazara, ƙasa duk ta tsattsage, amma duk inda ta taka a lambun mahaifina yana nan jiƙe kamar yanzu ta ɗaga ƙafa. Ni Sa'ade, 'yar Malam Nomau mai lambu ta Gangaren Ɗinya, shekara huɗu na yi ina karatun aikin gona, kuma ranar da aka nuna mini sawun nan cewa na yi jijiyar ruwa ce a ƙarƙashin ƙasa. Da ƙarfi na faɗa don kowa ya ji. Ba na cikin masu janye magana, amma wannan kam na janye ta.

Ba na gida lokacin da ta zo. An ce da hantsi ta shigo, doguwa, zaninta yana ɗigar ruwa, ta ajiye wa Baba wata shuka a cikin kasko, ta ce amana ce. Ganyen shukar dogaye ne kamar na mangwaro, sai dai kowane ganye yana ƙarewa da wani zare, a ƙarshen zaren kuma ɗan tulu yana lilo, ja-ja mai ɗigo-ɗigo, leɓensa yana sheƙi, ga murfi a ɗage a samansa kamar an buɗe butar shayi. Tulu bakwai ne cif. Da za ta tafi sai ta juyo ta ce, "Malam, kada a ba ta komai sai abin da sama ta zubo."

Baba ya ce haba, ai ba komai. Abin da kowane mutumin kirki zai faɗa ke nan a garinmu. A wurinmu baƙo ba ya zama sai ya ce kada a wahala, shi ya ƙoshi, shi wucewa zai yi. Maigidan da ya ɗauki wannan maganar da gaske ya bar baƙo da yunwa, har jikokinsa za a yi wa gori. Saboda haka tun kafin tsohuwar ta ɓace Baba ya buɗe rumbun takinsa, ya ɗebo takin awakin da ya shekara uku yana ruɓewa, wanda ko albasarsa ba ya ba wa sai da awo, ya cika kaskon. Ya shayar da ita ruwan rijiyarmu safe da yamma. Yayarsa kuwa, Gwaggo Tabawa, wadda take riƙe da gidanmu tun rasuwar mahaifiyata, da ta ga baki a buɗe sai tausayi ya kama ta, ta jefa tsokar nama a tulu ɗaya. Ita ce ta raɗa wa shukar suna Baƙuwa.

Tulun da aka ba nama shi ya fara baƙi, ya yi wari, ya faɗi. A ranar Baba ya daina jin ɗanɗanon abinci. Na biyu ya bushe, hannunsa na dama ya saki. Na uku ya bi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. A nan aka aiko mini.

Da na iso na ga kaskon sai na yi dariya. Na taɓa ganin hoton irin wannan shuka a wani littafi, rabin shafi ne, an ce tana cin ƙwari. Na haddace don jarrabawa, na manta bayan ta. Na ce musu shukar da take ramewa yunwa take ji, kuma takin awaki aikin da ne. Na jiƙa cokali biyu na takin zamani na zuba mata da hannuna. Kafin kwana biyu tulu biyu suka ƙone tare, Baba ya kwanta, maganarsa ta ɗauke. Shi da ba ya kirana sai da "Uwata," saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai dai ya bi ni da ido.

Gwaggo ce ta haɗa lissafin, ba ni ba. Ta tsaya a kaina tana nuna kaskon ta ce, "To 'yar boko, mu jahilai tulu uku muka kashe a sati uku, ke kin kashe biyu a kwana biyu. Saura biyu. In suka faɗi, ɗan'uwana ya tafi. Sai ki duba littafin naki."

Na tashi. Na goya kaskon a bayana da zani kamar jariri, na ɗauki sandar gorar Baba, na ƙulle sauran takin zamanin a bakin zanina don ba a zuwa wurin manya hannu sake, na bi sawun.

Ya ratsa kunyoyin albasa, ya tsallake busasshen rafi, ya shige cikin shingen ƙaya inda ko akuya ba ta ratsawa. Na rufe ido na kutsa. Ƙaya ba ta taɓa ni ba, sai sanyi da ya doki fuskata.

Ƙasar da na buɗe ido a cikinta ba ta da dare. Rana tana tsaye wuri ɗaya, gajimare ya zo ya rufe ta ya yi yayyafi, ya wuce, ta sake buɗewa, haka dai ba iyaka. Ƙasa tana lotsawa a ƙarƙashin ƙafata kamar katifa, gansakuka ce a ko'ina, ruwan da yake tsatsowa kuma launin shayi. Na durƙusa na damƙi ƙasar na shinshina, na ɗanɗana, yadda aka koya mana. Tsami gare ta, ba ƙarfi ko kaɗan. Wanda ya shuka gero a nan ko iri ba zai mayar ba. Amma da na ɗaga kai, ga 'yan'uwan Baƙuwa sun cika dajin, sun nannaɗe bishiyoyi, tulunansu kowanne ya kai rumbu. Duk abin da na karanta ya ce wannan ba zai yiwu ba. Na sake ɗanɗana ƙasar har sau uku, ko harshena ne ya lalace.

Ban san tsawon tafiyar da na yi ba, tunda ba faɗuwar rana balle in ƙirga. Na dai san guzurina ya ƙare, ƙafafuna sun yi fari sun tattare saboda ruwa, kuma sawun da nake bi ya ɓace, don a ƙasar da ko'ina jiƙe yake ba a gane jiƙaƙƙen sawu. Sai na ji ƙamshin zuma.

Daga leɓen wani babban tulu yake fitowa, wanda gindinsa ya zauna a ƙasa. Kiyashi manya kamar 'yan awaki suna hawa ta wasu fikafikai biyu da ke gabansa kamar tsani, su zagaya leɓen suna lasa, su sauko lafiya, su koma su kira 'yan'uwansu. Na tsaya na lura, don ni ba sakarya ba ce. Na ƙirga arba'in sun hau sun sauko, ko ɗaya bai faɗa ba. Sai na hau. Leɓen a bushe yake, ƙafa tana kamawa sosai, zumar kuma tana tsatsowa ta can ciki-ciki, inda sai ka sunkuya. Na lasa sau biyu. A na uku gajimare ya iso.

Yayyafin bai kai a jiƙa ɗankwali ba, amma leɓen ya koma kamar an shafa masa miyar kuɓewa. Ni da kiyashin da suka taru, sun fi ɗari, muka zube ciki tare.

Abin da ya cece ni sandar Baba ce. Tulun yana da ƙugu a tsakiya, inda ya tsuke, sandar ta gitta a nan ta cije, na rataya a kanta, da ƙyar na hau na zauna kamar mai hawan reshe. A ƙasa akwai ruwa mai kauri, kiyashin suna ta iyo yana naɗe musu ƙafafu, a gindinsa kuma tarin ɓawon waɗanda suka riga su, an tsotse komai an bar kwanso. Na kai hannu jikin bango don in hau, sai wani farin abu kamar kakin zuma ya ɓarɓaro ya manne mini a tafi, hannun ya zame. Na gwada da ɗaya hannun, haka. Na ɗaga kai, gefen leɓen ta ciki duk haƙora ne masu kallon ƙasa, murfin kuma yana can sama bai ko motsa ba. Da na zaci rufewa zai yi. Ashe laima ce kawai, don kada ruwan sama ya cika tulun ya tsinka abin da ke ciki.

"Aminci ya tabbata ga baƙuwar da ta shigo ba sallama," in ji wata murya a gefen kunnena.

Wani jemage ne, girmansa ya kai tinkiya, yana rataye a bangon kansa a ƙasa. Na amsa masa, na tambaye shi ko shi ma faɗowa ya yi. Ya ji haushi. Ya ce shi mazaunin gidan ne tun kakanninsa, a nan yake barci sama da ruwan, kuma shi yake ciyar da tulun da kashinsa, shukar ta ba shi inuwa, shi ya ba ta abinci. Nan take na ji daɗi a raina. Ashe taki suke ci, ashe ban yi kuskure ba. To me ya ƙona tuluna biyu? Kaina ya ƙara ɗaurewa.

Na roƙe shi ya fitar da ni. Ya auna ni da ido ya ce, "Ya 'yar Adam, fiffikena zai ɗauke ki, amma ba zai ɗauki goyonki ba. Kwance shi ki sake shi ƙasa. Dama mutuwa yake yi, a nan kuwa zai koma cikin danginsa."

"Ranka ya daɗe," na ce, "goyon nan ubana ne. Na gode da tayi."

Ya ce to, ya lulluɓe fuskarsa da fiffike ya koma barci.

Zaman da na yi a kan sandar nan shi ne abin da nake so a sani game da ni. Gajimare ya zo ya wuce sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa. Cinyoyina suka mutu. Tururin ruwan yana hawowa yana sa ni jiri, idan na fara gyangyaɗi sai in ciji leɓena. Ban yi kuka ba sai sau ɗaya, lokacin da na ji wani abu ya ɓalle daga bayana ya faɗa ruwan da ɗan ƙara. Tulu na shida ne. Na yi kukan, na share, na ci gaba da kallon leɓen da ke sama, don na lura da abu guda: duk sanda rana ta daɗe a buɗe, sheƙinsa yakan dushe, kiyashi su dawo suna yawo a kai lafiya. Tarkon ba kullum yake a ɗane ba. Yana barin na farko su tsira ne don su kirawo jama'a.

Na ɗaure ɗankwalina da mayafina, na yi maɗauki a ƙarshe, na dinga jefawa har ya sarƙe a haƙori ɗaya. Ban hau ba. Na jira yayyafi ya wuce, na jira leɓen ya bushe sarai, sannan na ja jikina da hannu biyu, goyo a baya, na mirgina waje. Sandar Baba tana can har yau.

A gindin tulun na tarar da tsohuwar zaune a kan gansakuka, zaninta yana ɗiga. Wasu dogayen mata masu kama da ita sun kewaye ta, suna kiranta Magajiya. Na gaishe ta. Ba wanda ya shimfiɗa mini tabarma, ba wanda ya miƙo mini ko ruwa. Raina ya ɓaci, amma na danne, na kwance bakin zanina na ajiye ƙullin takin a gabanta na ce ga 'yar tsaraba. Ƙwaya biyu suka gangaro. Inda suka sauka gansakukar ta ƙone ƙurmus, matan suka ja da baya suna tattare zannuwansu. Magajiya ta sa aka ɗauke ƙullin da dogon itace.

"Me kuka ba 'yata?" in ji ta.

"Mafi kyawun abin da muke da shi," na ce, kaina a ɗage. "Mahaifina bai taɓa barin baƙo da yunwa ba. In wannan laifi ne a ƙasarku, a tamu mutunci ne."

"Na gaya masa kada a ba ta komai."

"Kowane baƙo haka yake faɗa."

Daga kallon da ta yi mini na gane ita ma ta rikice kamar yadda na rikice. Ta tambaye ni, da gaske a ƙasarmu mutum yakan ce kada a ba shi alhali yana so a ba shi? Na ce ƙwarai. Ta ce to wanda ba ya so da gaske fa, yaya yake faɗa? Har yanzu ban samo amsar tambayar nan ba.

Na kawo mata maganar jemage, na ce ai ga shi da kashi yake ciyar da tulunsa. Ta ce ta baki yake ba shukar, ba ta saiwa ba, kuma ɗan mitsitsi ne a kan girmanta. Ta ce tun farkon zamani aka raba ƙasa, kowace shuka ta kama mai maiƙo, su aka bar musu wadda ruwa ya wanke tas. Sai saiwarsu ta koyi shan ruwa kawai, ganyensu ya naɗe ya zama ciki, ya koyi farauta. Saiwar da ba ta taɓa sanin gishiri ba, taki wuta ne a gare ta. Ruwan rijiya ma yana ɗauke da gishirin ƙasa, wannan farin da yake kwanciya a gindin buta, kullum kaɗan-kaɗan har ya taru. Nama kuwa ya fi ƙarfin tulu, kafin shukar ta narkar da shi ya ruɓe ya ruɓar da ita. Kuma ko ba ta mutu ba, wadda aka ƙosar ta ƙasa ba za ta ƙara wahalar ƙera tulu ba.

Na ce to ga 'yarta nan na dawo mata da ita, ta sakar mini ubana. Ta girgiza kai ta ce ba a mayar da amana tana shure-shure. An gaya mata babu shukar da ta taɓa mutuwa a hannun Nomau, shi ya sa ta ɗaura ransa da na shukar. Ranar da Baƙuwa ta ƙera sabon tulu ta kama abincinta da kanta, a ƙasarmu ba a tasu ba, ranar zai tashi.

A gabanta na zazzage kaskon, na wanke saiwar, 'yan baƙaƙen zarurruka marasa ƙarfi, rabi sun ƙone. Na sake dasa ta a gansakuka da wankakken yashi da gutsattsarin gawayi. Magajiya ta ba ni gora ɗaya ta ruwan sama, ta ce a ajiye ta inda akwai danshi da haske amma rana ba ta dukanta, kada ƙasarta ta bushe, kada kuma ta kwana cikin ruwa. Ta nuna mini wani shinge. Na kutsa, sai ga ni a kunyar albasa, zafi ya mare ni.

Kwana tara na yi, in ji Gwaggo. Baba yana numfashi, ido a rufe. Na ajiye kaskon a gindin randa, ƙarƙashin rumfa, na kewaye shi da jiƙaƙƙen buhu, na shimfiɗa tabarmata a gefe. Washegari tulu na bakwai ya faɗi. Gwaggo ta ɗora hannu a ka, na ce ta duba ganyen, kore ne, ta kuma duba ƙirjin ɗan'uwanta, yana motsi.

Cikin tulun can na yi fama da santsi. A gida da mutanen kirki na yi fama, kuma sun fi wuya. Maƙwabta suka yi ta zuwa dubiya, kowa da abin hannunsa, wannan tokar murhu, wancan kashin kaji, wata har da madarar shanu. Duk na mayar da su. Sau biyu ina kama Gwaggo da ludayin romo a bayan zaninta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda aka yi jinya da yunwa ba, boko ya cire mini imani, na zama marowaciyar da ke hana maras lafiya abinci a gidan Nomau. Maganar ta zaga gari. Matan da ke zuwa rijiyarmu suka daina amsa gaisuwata. Ban bar gindin randar nan ba, ko salla a gefen kaskon nake yin ta.

A kwana na goma sha shida gorar ta ƙare, sama kuwa ko gajimare babu. A nan ne karatuna ya yi rana a karon farko. Na tuna tururi ba ya tashi da gishiri. Na ɗora tukunyar ruwan rijiya a wuta, na kifa murfi, in ya yi gumi in ɗaga in tsiyaye ɗigon a kofi, in mayar. Wuni guda a bakin murhu cikin zafin bazara yana ba ni rabin kofi. Yatsuna suka ƙone suka saɓule. Gwaggo ta kalle ni kwana biyu tana taɓe baki, a na uku ta zo ta ture ni ta ce in matsa, ko riƙe murfi ban iya ba. Daga ranar muka koma karɓa-karɓa, ba ta fasa zagina ba, ba ta kuma sake kawo romo ba.

Sabon ganye ya fito a kwana na ashirin da huɗu, da zarensa, a ƙarshen zaren wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Ya zama kamar wake, ya zama kamar ɗan yatsa, ya yi ja. Rana ta talatin da takwas, da hantsi, murfinsa ya ɗaga. Gwaggo ta kamo ƙuda za ta jefa, na riƙe hannunta, na ce da kanta aka ce. Muka zauna mu biyu muna kallon wani kiyashi ɗaya yana hawa. Ya zagaya leɓen, ya lasa, ya sauka, ya tafi abinsa. Gwaggo ta ce shi ke nan, ya tsere. Na ce ta jira. Ya dawo da 'yan'uwansa a jere. Ina riƙe da kofin ruwan tururin da zan shayar da ita, ban yarda ko ɗigo ya taɓa leɓen ba. Danshin buhun ne ya sa leɓen santsi. Na uku a jerin ya sunkuya, ƙafarsa ta zame.

Daga ɗaki muka ji atishawa, sannan wata murya a shaƙe ta ce, "Uwata, ba fura a gidan nan ne?"

Bayan sati guda ya fara takawa. Fitarsa ta farko, na bi shi a baya don kada ya faɗi, sai na ga ya nufi rumbun taki, ya damƙo cikin hannu, ya doshi gindin randa. Na cafke wuyan hannunsa. Na riga na ba shi labarin komai, sau uku ma.

"Na ji, Uwata, na ji," in ji shi. "Ɗan kaɗan ne, na godiya. Baiwar Allahn nan kusan wata biyu tana gidana ba ta ci komai nawa ba. Da wane ido zan kalli uwarta?"

Na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na karkaɗe takin a kunyar albasa. Yanzu Baƙuwa tana da tulu goma sha ɗaya. Kullum da safe Baba yakan durƙusa a gabanta ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri a kan rowar 'yarsa. Makullin rumbun kuwa yana ɗaure a bakin zanina, kuma a nan zai zauna.